Jeri Ɗaya, Kwafi Barkatai: Abin da Ke Sa Manhajar Tsara Ayyuka Nauyi da Saɓa wa Kanta

Mutum ya danna alamar kammalawa a kan wani aiki a wayarsa da safe, ya ga an ja masa layi, ya shiga harkokinsa. Da rana ya buɗe kwamfuta, sai ga aikin nan zaune daram, har da jan rubutu wai lokacinsa ya wuce. Ya koma waya don ya tabbatar ba mafarki ya yi ba, manhajar ta tsaya tana juya ɗan da'irar nan daƙiƙa bakwai, takwas, kafin ta nuna komai. A daidai nan yawancin mutane ke yanke hukunci: manhaja ta lalace, a goge ta a sake saukewa. Cikin duk abin da za a iya yi a wannan lokacin, babu wanda ya kai wannan haɗari, kuma sai an leƙa cikin manhajar za a ga dalili.

Ido jeri ɗaya yake gani, amma kwafi ne barkatai. Akwai wanda ke cikin waya, a wani ƙaramin rumbun bayanai da ke zaune cikin manhajar kanta. A wayoyin Android da iPhone galibi SQLite ne, wanda Richard Hipp ya fitar a shekarar 2000. Akwai wanda ke sabar, wato babbar kwamfutar kamfanin da ke can wata cibiyar bayanai. Akwai na kwamfutar ofis, akwai na duk abokin aikin da aka raba jerin da shi. Idan mutum biyar ke aiki a kan jeri ɗaya, kowa da wayarsa da kwamfutarsa, kwafi goma sha ɗaya ke nan har da na sabar, kuma kowanne na iya canzawa ba da sanin sauran ba. Abin da ake kira daidaitawa shi ne ƙoƙarin sa waɗannan kwafi su yi magana da murya ɗaya.

Sa'ad da ka danna alamar kammalawa, manhajar ba ta jiran sabar ta amsa. Tana rubuta canjin a rumbunta na cikin waya, ta ja layi a kan aikin nan take, sannan ta ajiye ɗan saƙo a layin jira: aiki kaza an gama shi, a gaya wa sabar idan hanya ta samu. Layin da ka ga an ja, shaida ce cewa waya ta ji. Ko sabar ta ji, wannan wata magana ce daban, kuma tazarar da ke tsakani takan zama rabin daƙiƙa, takan kuma zama kwana uku. Duk abin da ke cikin layin jiran nan babu shi a ko'ina a duniya sai a wannan wayar. Wanda ya goge manhajar, ko ya fita daga asusunsa, ko ya share bayananta, ya ƙona wasiƙun da ba a kai ga aikawa ba. Abin da ya sa ba a saurin ganewa shi ne, da ya sake shiga sabar za ta ba shi abin da ta sani tsaf, manhajar ta yi sauƙi, ya ɗauka ya yi gyara. Sai bayan mako guda zai fara laluben ayyukan da ya tabbata da hannunsa ya rubuta. Ni ma na taɓa yin haka da wata manhaja bayan tafiyar da na yi kwanaki ba sabis mai kyau. Garin neman gira na rasa ido, bayanan kwana huɗu suka tafi.

Za a iya tambaya, me ya hana manhajar ta jira sabar kawai, kowa ya huta? Nisa ne ya hana. Haske a cikin igiyar gilashin da ke ɗaukar intanet yana cin kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Idan sabar na nesa da kai kilomita 10,000, zuwa da dawowa kaɗai ya cinye milisakan 100, wato kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, tun ba a lissafa cunkoson hanya da aikin da sabar za ta yi ba. Tun 1993 Jakob Nielsen ya yaɗa wasu iyakoki uku da masu ƙera manhaja ke aiki da su har yau: abin da ya amsa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, mutum yana jin nan take ne, har zuwa daƙiƙa ɗaya tunaninsa bai katse ba, da an kai daƙiƙa goma hankalinsa ya tafi wani wuri. Ka ga nisa kaɗai ya gama da iyakar farko. Ga kuma katsewar sabis. A 2000 Eric Brewer ya gabatar da wata ƙa'ida, Seth Gilbert da Nancy Lynch suka tabbatar da ita da lissafi a 2002, cewa idan hanya ta yanke tsakanin kwamfutoci, dole a zaɓi ɗaya: ko dai a ƙi karɓar aiki har hanya ta dawo, ko a karɓa a yarda kwafi su saɓa na ɗan lokaci. Manhajojin tsara ayyuka sun zaɓi na biyu, kuma a ganina sun yi daidai, don jerin da zai ƙi karɓar rubutu saboda ka shiga wurin da babu sabis bai kai takarda da biro amfani ba. Saɓanin da ake kuka da shi kuɗin wannan zaɓin ne.

Nauyi da saɓani cututtuka biyu ne daban, ko da yake sukan zo tare, kuma raba su bai fi aikin minti biyar ba. A sa waya a yanayin jirgin sama, a buɗe manhajar, a zagaya cikinta. Idan har yanzu tana tafiyar hawainiya, matsalar tana cikin wayar: yawan bayanai, ko yadda ake zana su a allo, ko ƙarancin wuri. Idan kuwa ta warware tana gudu, to da ma jiran intanet take yi a wuraren da bai kamata ta jira ba. Gwajin saɓani kuma, a buɗe asusun a burauza, domin abin da ke can shi ne mafi kusa da abin da sabar ta sani. A rubuta aikin gwaji a waya, a duba ko ya bayyana a burauza. A rubuta wani a burauza, a duba ko ya sauko waya. Yanzu an san ko hawa ne ya toshe, ko sauka, ko duka biyun, kuma kowanne da inda yake nuni.

Maganar nauyi tana farawa daga allo. Allon da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa yana ba manhaja kimanin milisakan 16 ta shirya kowane hoto, mai sau 120 kuwa rabin haka. A cikin manhaja akwai hanyar aiki guda ɗaya, kamar ma'aikaci ɗaya tilo, da ke da alhakin zana allo da amsa taɓawar yatsa. Duk aikin da aka ɗora masa wanda ba nasa ba, kamar karanta dubban ayyuka daga rumbu ko warware babban saƙo daga sabar, allo zai tsaya cak sai ya gama. Idan tsayuwar ta kai daƙiƙa biyar ana taɓawa ba amsa, Android zai fito da sanarwar nan ta cewa manhaja ba ta amsawa, a jira ko a rufe. Shi ya sa wata manhajar take sanƙarewa daidai lokacin da take daidaitawa. Cututtukan biyu sun haɗu ne saboda an ba mai zana allo dakon kaya.

Sai rumbun bayanai. Wanda aka yi wa fihirisa, kamar na bayan littafi, yana gano abu ɗaya cikin miliyan da matakin da bai wuce ashirin ba, don kowane mataki yana iya zubar da aƙalla rabin abin da ya rage. Wanda ba a yi wa ba sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai ayyuka hamsin ba zai taɓa jin bambancin ba. Mai shekara shida yana tara ayyuka, da waɗanda ya gama da sharhohinsu da tarihin canje-canjensu, shi zai ji a jikinsa. Wannan ne ya sa manhajar da ta yi maka sauri a watan farko take ƙara nauyi a hankali ba tare da wani abu ya lalace ba. Masu ƙera ta sun gwada ta da ɗan ƙaramin jeri, kai kuma ka loda mata abin da ba su taɓa gwadawa ba.

Akwai wani kuskure sananne tsakanin masu rubuta manhaja da ya cancanci a yi masa lissafi. Manhaja ta tambayi sabar jerin ayyuka, aka ba ta 200. Sai ta koma ta tambayi alamomin aiki na farko, ta dawo, ta tambayi na biyu, haka har ƙarshe. Tambaya 201 ke nan a maimakon ɗaya ko biyu. Idan kowace na cin milisakan 100 kuma ana yin su bi da bi, an haura daƙiƙa 20. A ofishin masu ƙerawa, inda sabar gwaji ke kusa, ba wanda zai lura. Wanda ke wata nahiya shi ke zaune yana kallon da'ira.

Ayyuka masu maimaituwa ma suna da nasu. Ƙa'idar iCalendar, wadda aka sabunta a 2009 kuma manhajoji da yawa ke bi, ba ta ajiye kowace Litinin daban. Doka take ajiyewa: kowace Litinin, daga rana kaza. Dokar da ba a sa mata ranar ƙarewa ba ba ta da iyaka, don haka duk sa'ad da aka buɗe shafin kalanda sai manhaja ta zauna ta lissafo ranakun. Ayyuka ɗari irin wannan, kowanne da agogon yankinsa, sun isa su sa shafi ɗaya ya fi sauran nauyi nesa ba kusa ba.

Abin da mai amfani zai iya yi a nan ba shi da yawa, amma yana aiki. A kai tsofaffin ayyuka da jerin da aka gama da su ma'adana, a daina barin su a buɗe. A raba ƙaton jeri gida biyu ko uku. Todoist ma, ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajojin, ta ƙayyade ayyuka 300 masu rai a kowane jeri, iyakar da ke ɓata wa wasu rai, amma ni ban ga laifinta ba. A rage liƙa manyan hotuna da fayiloli a jikin aiki idan mahaɗi zai wadatar. A bar wa waya wuri, don rumbun bayanai yana buƙatar sarari kafin ya rubuta canji, kuma wayar da ta cika maƙil tana iya kasa ajiye ko da saƙon layin jira. A kwamfuta kuma, a gwada manhajar a tagar sirri ta burauza, inda galibi ƙananan manhajojin da aka maƙala wa burauzar ba sa aiki. Idan ta yi sauri a can, ɗaya daga cikinsu ne mai laifin. Da yawa daga cikin manhajojin kwamfuta na irin wannan aiki an gina su ne da Electron, wato kowace tana ɗauke da burauzar Chromium a cikinta, to buɗe huɗu ko biyar a tsohuwar kwamfuta kamar buɗe burauza biyar ne.

Saɓani ya fi wuyar sha'ani, don sau da yawa ba manhajar ce ta ƙi aiki ba, wayar ce ta hana ta. Tun Android 6 a 2015 aka shigo da tsarin Doze: idan waya ba ta kan caji, allo a kashe, tana ajiye, sai a yanke wa manhajoji intanet, a riƙa buɗe musu ƙofa jifa-jifa, kuma tazarar buɗewar tana ƙaruwa muddin wayar na kwance. Android 7 ya faɗaɗa shi har ga wayar da ke aljihu ana tafiya da ita, ya kuma kawo tsarin tsimin data da ke hana manhajoji jan data a bayan fage. Ko manhajar da ta bi hanyar da Google ya tsara don aikin lokaci-lokaci ba za ta iya neman a tashe ta ƙasa da kowane minti 15 ba, kuma roƙo ne take yi, waya ce ke yanke hukunci. Wasu masu ƙera waya sun ƙara nasu matakan tsimin batir a kan wannan, masu tsanani fiye da na asali. A iPhone ma tsarin ne ke zaɓar lokacin da zai bar manhaja ta sabunta kanta a bayan fage, yanayin tsimin batir kuwa yana dakatar da hakan. Sannan ga ɗabi'ar nan ta share duk manhajojin da ke buɗe da yatsa wai don a adana batir. A iPhone, manhajar da aka rufe ta haka ba a ƙara tashinta don sabuntawa sai mai ita ya buɗe ta da kansa. Mutum ya rubuta aiki, ya kore manhajar cikin daƙiƙa ɗaya, saƙon bai bar layin jira ba, sannan ya zo yana mamaki. Maganin a nan yana cikin saitin waya: a cire manhajar daga takunkumin batir, a ba ta izinin data a bayan fage, a kuma ɗan bar ta a buɗe bayan an yi rubutu.

Idan an buɗe manhajar, sabis na nan, amma hawa ya toshe, abu biyu nake fara zargi. Na farko tikitin shiga ya ƙare. Manhaja ba ta aika kalmar sirri a kowace buƙata, wani tikiti take riƙewa, kuma sauya kalmar sirri ko wani canji daga masu kula da asusun ofis yana iya kashe shi. Sabar za ta riƙa mayar da lamba 401, ma'ana ban san ka ba. Manhajar kirki za ta gaya maka nan take. Wata kuwa sai ta yi gum, ta ci gaba da karɓar rubutunka kamar komai lafiya. Na biyu saƙo ɗaya ne ya maƙale a bakin layi. Ka gyara wani aiki a jerin da aka riga aka cire ka daga ciki, ko ka liƙa fayil ɗin da ya wuce girman da aka yarda. Sabar ta ƙi karɓa, manhajar ta sake turawa, aka sake ƙi, kuma tunda layin bi da bi ne, saƙo tamanin da ke bayansa duk sun tsaya. Alamarsa ita ce abin da wasu suka rubuta yana sauko maka, naka kuwa ba ya isa gare su. A tuna abu na ƙarshe da aka yi kafin matsalar ta fara, a janye shi, sau da yawa sai layin ya zube gaba ɗaya.

Akwai kuma dalilan da mutum zai ji kunya idan ya gano su. Asusu biyu: a kwamfuta ya shiga da Google, a waya ya shiga da Apple, wadda tun 2019 take iya ɓoye adireshin imel ta ba manhaja wani na daban, to a wurin sabar mutum biyu ne. Ko wayar ta hau Wi-Fi mai neman a buɗe wani shafi a amince kafin ya ba da hanya, alama ta nuna an haɗu alhali ba abin da ke wucewa. Ko agogon waya ya kauce da yawa har takardun tsaron sabar suka zama kamar sun ƙare. Ko sigar manhaja ta bambanta. A 2019, da Apple ta sake fasalin Reminders, manhajarta ta tunatar da ayyuka, a iOS 13, sabon tsarin iPhone na lokacin, wanda ya amince da sabon tsarin a wayarsa sai ya tarar na'urorinsa masu tsohuwar siga sun daina ganin jerin, ga shi sabon macOS, tsarin kwamfutocin Apple, bai fito ba sai bayan 'yan makonni. Ba abin da ya lalace, harshen da kwafin ke magana da shi ne ya canza.

Duk waɗannan toshewar hanya ce. Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da saƙonni suka isa lafiya amma suka ci karo da juna.

Abokan aiki biyu sun taɓa aiki ɗaya ba sabis. Ɗaya ta gyara sunan aikin, ɗayan ya matsar da ranarsa. Hanya mafi sauƙi ga mai ƙera manhaja ita ce wanda ya rubuta ƙarshe shi ya ci. Idan aikin gaba ɗaya ake aikawa dunƙule, to na ƙarshen zai zo da tsohon suna ya danne gyaran da aka yi, ba sanarwa, ba alama. Shi ya sa ya fi kyau a aika abin da ya canza kaɗai, suna daban, rana daban, yadda canje-canjen biyu za su zauna tare. Figma, wadda mutane da yawa ke zane a cikinta lokaci ɗaya, haka take yi: kowace sifa ta abu ana yi mata hukunci ita kaɗai, sabar ce kuma alƙali.

Amma idan abu ɗaya suka taɓa, waye na ƙarshe? In aka dogara da agogon waya, wanda agogonsa ke gaba da minti biyar zai riƙa cin nasara ko da shi ya fara rubutu. Leslie Lamport ya nuna tun 1978 cewa kwamfutocin da ke warwatse ba za su dogara da agogon bango su jera abubuwan da suka faru ba, ya kawo dabarar ƙirga a madadinsa. In kuma aka ce wanda ya iso sabar ƙarshe, to wayar da ta kwana uku a kashe za ta farka ta zo da tsohon ra'ayi ta rushe shawarar da aka yanke jiya. Dabarar da na fi yarda da ita ita ce kowane aiki ya ɗauki lambar siga. Waya ta ce, na gyara wannan ne bisa siga ta 7. Sabar ta duba ta ga tana kan ta 9, ta mayar da lamba 409, ma'ana an sami karo. Daga nan manhaja ta haɗa abin da zai haɗu, abin da ba zai haɗu ba ta nuna wa mai shi ya zaɓa.

Aikin da aka goge ya dawo, shi ma yana da bayani. Idan waya ta goge aiki ta manta da shi kwata-kwata, wata na'urar da ke da shi za ta ga kamar sabon abu ne da sauran ba su samu ba, ta sake raba musu. Don haka ba a gogewa da gaske, ana barin wata alama da masu sana'ar ke kira dutsen kabari, mai cewa wannan ya mutu, kada a tashe shi. Sai dai ba a ajiye alamomin har abada, don su ma nauyi ne. To ga tsohuwar kwamfutar hannu da ta yi wata takwas a aljihun tebur. Ranar da aka kunna ta, alamomin sun riga sun tafi, idan tsarin bai tilasta mata zubar da nata ta karɓi sabo ba, sai matattu su tashi rututu a jerin kowa. Duk wanda ayyukansa ke dawowa, ya tambayi kansa ko akwai wata na'ura da ya manta tana cikin asusun.

Aiki ya fito sau biyu kuwa, galibi amsa ce ta ɓata. Waya ta aika, sabar ta karɓa ta rubuta, amsar na karɓa ta faɗi a hanya, waya ta ɗauka bai isa ba ta sake aikawa. Maganinsa kowane saƙo ya ɗauki lambar da ba ta da ta biyu, irin mai tsawon bit 128 da ake kira UUID, yadda sabar za ta gane ta taɓa ganinsa. Tsarin daidaitawar Todoist yana sa wa kowane umarni irin wannan lamba, yana kuma ba na'ura wani tikiti da za ta nuna a ba ta abin da ya canza kaɗai tun zuwanta na baya. Wannan tikitin ma yana tafiya idan an goge manhaja, shi ya sa buɗewar farko bayan sake saukewa take daɗewa: komai ake jawowa daga tushe. Wasu sukan ga daɗewar su ce ba ta gyaru ba, su sake gogewa, tufka da warwara.

Masana sun yi nisa a wannan fanni. Ellis da Gibbs sun kawo wata dabara a 1989 wadda irinta Google Docs ke amfani da ita, sannan a 2011 Marc Shapiro da abokan aikinsa suka tsara abin da ake kira CRDT, wato bayanan da aka ƙera yadda duk tsarin da canje-canje suka iso, kwafi za su ƙare iri ɗaya. Aiki ne mai ban sha'awa, amma ana yawan ɗora masa alkawarin da bai yi ba. Ya ce kowa zai ga abu ɗaya. Bai ce abin da za a gani shi ne abin da ake so ba. Idan shugaban aiki ya goge jeri a daidai lokacin da wata ke can ba sabis tana ƙara masa ayyuka goma, babu lissafin da zai faɗi wanda ya fi gaskiya. Ga manhajar tsara ayyuka, na fi ganin darajar kwandon da ke riƙe abin da aka goge na wasu makonni da tarihin da za a iya komawa baya, a kan kowace dabara mai sarƙaƙiya.

Wani lokaci kuma laifin na sabar ne, kuma jan allo ƙasa ana sakewa sau talatin ba ya ƙara komai sai cunkoso. Manhajar da aka gina da hankali takan jira daƙiƙa ɗaya, sannan biyu, huɗu, takwas, ta ɗan gauraya lokutan don kada dubban wayoyi su afka wa sabar tare da zarar ta farfaɗo. Wanda ya matsa da yawa sabar na iya mayar masa da lamba 429, wato ka cika tambaya, dakata. Irin wannan yakan faɗa wa masu haɗa manhajarsu da kalanda da imel da wasu kayan aiki masu sarrafa kansu. Biyu daga cikinsu na iya shiga kwan-gaba kwan-baya, wannan ya canza rana, wancan ya mayar, har su cinye rabon asusun gaba ɗaya. A tsinke su duka, a mayar ɗaya bayan ɗaya. Yawancin manyan kamfanonin suna da shafin da ke nuna halin da sabar ke ciki, duba shi kafin a taɓa komai yana rage wahala.

Idan duk an bi waɗannan ba a dace ba, sai a zo ga sharewa, ita ma da tsarinta. A fara kwatanta waya da burauza, duk abin da ke waya babu shi a can a kwafe shi, ko da hoton allo ne. A fitar da kwafin asusun gaba ɗaya idan manhajar na da wannan damar. A saitin Android maɓalli biyu ne ke maƙwabtaka. Ɗaya yana share ma'ajiyar wucin gadi, wadda ake kira kash, inda hotuna da abubuwan da za a iya sake jawowa suke, kuma taɓa shi ba ya yin illa a manhajar da aka gina daidai. Ɗayan yana share dukkan bayanai, har rumbun da layin jiran, kuma wanda ya danna shi bisa kuskure shi zai faɗi kash ta gaske. A iPhone akwai zaɓin sauke manhaja a bar bayananta, wanda ya bambanta da goge ta ɗungurungum.

Da ni ake tambaya abu ɗaya da ya kamata kowace irin wannan manhaja ta yi, da na ce ta rubuta a fili: canje-canje 14 suna jiran aikawa, daidaitawa ta ƙarshe jiya da ƙarfe huɗu. Ta kuma ƙi barin mutum ya fita daga asusu ba tare da ta gargaɗe shi da wannan adadin ba. Wasu suna yi, da yawa sun gwammace ɗan gajimare mai alamar da ba wanda ya san ma'anarta. Kafin su gyara, wanda zai rubuta wa masu kula da manhaja ya faɗa musu sunan aikin da ya maƙale, lokacin da aka taɓa shi, na'urar da sigarta, da ko hawa ne ya ƙi ko sauka. Abu na farko da za su nema shi ne kundin da manhajar ke rubuta kurakuranta a ciki. Shi ma a wayar yake zaune, kuma yana tafiya tare da manhajar idan an goge ta.